Yadda Ake Tattara Sa Hannun Masu Tsayar da Ɗan Takarar Kansila ko Shugaban Ƙaramar Hukuma a Katsina

A cikin takardun da ake miƙa wa mai neman kujerar kansila ko ta shugaban ƙaramar hukuma akwai wani shafi da 'yan takara da dama ba sa ba shi muhimmancin da ya dace da shi, wato shafin da mutanen mazaɓa za su rubuta sunayensu da lambar katinsu na zaɓe, su sa hannu ko su dangwala yatsa, a matsayin shaidar cewa su ne suka tsayar da shi. Sau da yawa sai daren ranar da za a rufe karɓar fom ake tunawa da wannan shafi, a damƙa wa yaran ɗan takara, su zauna a zaure da tarin katunan da aka aro, mutum ɗaya ya cike gurbin mutum goma da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya. Wannan ɗabi'a tana da haɗari ga ɗan takarar kansa, kuma tana tauye wa mutanen unguwa wani haƙƙi nasu, domin a duk tsawon hanyar da ake bi kafin ranar zaɓe, nan ne kaɗai doka ta nemi talaka ya ɗora hannunsa a kan takarda ya ce ya yarda wane ya fito.

Ya kamata a fara da fahimtar inda wannan tsari ya tsaya a ƙasarmu. A birane da yawa na Amurka, sa hannun jama'a shi ne ƙofar shiga takara, ko da mutum ba shi da jam'iyyar da ta ɗauko shi. A Shikago, wanda yake son sunansa ya fito a takardar zaɓen magajin gari sai ya kawo sa hannun masu zaɓe 12,500 waɗanda suka inganta. A Nijeriya kuwa lamarin ya sha bamban. Sashe na 221 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa jam'iyyun siyasa neman ƙuri'a ga ɗan takara, saboda haka sa hannun mutane, komai yawansu, ba zai mai da mutum indifenda ba. Dattawanmu suna iya tuna zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamban 1987, 'yan watanni bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba na wannan shekara, lokacin da aka tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, kowa da mutuncinsa da jama'arsa. Yau ba haka abin yake ba. Dole jam'iyya ta tsayar da mutum, sannan kuma dole masu zaɓe na mazaɓarsa su mara masa baya a rubuce. Hanya biyu ce ke tafiya tare, kuma ɗaya ba ta wadatar da ɗaya.

Hukumar da ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi ita ce Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Jihar Katsina, wadda sashe na 197 na Tsarin Mulki ya tanadi kafa irinta a kowace jiha. Ita ke kula da kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 34 da na kansiloli 361, kamar yadda ta yi a zaɓen watan Afrilun 2022 da na watan Fabrairun 2025. Sai dai rajistar masu zaɓe ba tata ba ce. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ita ke yin rajista, ita ke ba da kati, kuma da wannan kundi nata ake auna kowane suna da aka kawo. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya huta da yawon banza tsakanin ofisoshi: maganar fom da jadawali da tantancewa ta hukumar jiha ce, maganar kati da sauya mazaɓa da gyaran suna ta INEC ce.

Aiki na farko shi ne samun jadawalin zaɓe da littafin ƙa'idojin da hukumar jiha ta fitar domin zaɓen da ake ciki, ba na wanda ya wuce ba. A cikinsu ne ake fayyace yawan mutanen da za su tsayar da kansila da yawan waɗanda za su tsayar da shugaban ƙaramar hukuma, da shekarun da ake buƙata, da takardun da za a haɗa, da ranar buɗe karɓar fom da ranar rufewa. Kada ka dogara da abin da wani tsohon kansila ya gaya maka a majalisar dare, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, domin ana yi wa dokokin zaɓe gyara lokaci zuwa lokaci, kuma abin da ya wadatar a zamaninsa yana iya gazawa a naka. Ka karɓi takardar da hannunka daga ofishin hukumar ko daga sakatariyar jam'iyyarka, ka zauna ka karanta ta tun daga farko har ƙarshe, in da hali tare da lauya ko wani da ya saba da aikin.

Game da ɓangaren jam'iyya ba sai an tsawaita ba, tunda duk mai sha'awar takara ya san shi. Za ka sayi fom ɗin nuna sha'awa da na tsayawa takara, a tantance ka, sannan a fid da gwani ta hanyar ƙato bayan ƙato ko ta maslaha. Abin da nake son a lura da shi kawai shi ne, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2026, ta shardanta cewa idan maslaha za a yi, sai sauran masu neman kujerar da aka tantance sun amince a rubuce cewa sun janye. Ka tabbata takardun janyewar nan suna nan a ajiye, domin wanda ya yi shiru ranar maslaha yana iya buɗe baki bayan an ci zaɓe. Haka kuma dokar ta ce wanda ya yarda, yana sane, jam'iyya fiye da ɗaya ta tsayar da shi, ko aka tsayar da shi a mazaɓa fiye da ɗaya, takararsa ta rushe.

Wa ya cancanci ya sa maka hannu

Nan ne gundarin aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Sharaɗin farko shi ne sunan mutum ya kasance a cikin rajistar masu zaɓe ta mazaɓar da kake nema. Zama a unguwa daban, rajista a mazaɓa daban. A birnin Katsina wannan ya fi ko'ina rikitarwa, domin ƙaramar hukumar Katsina tana da mazaɓu 12, da suka haɗa da na Wakilin Arewa da Wakilin Kudu da Wakilin Gabas da Wakilin Yamma, kowanne an raba shi gida biyu ko uku, sai Shinkafi biyu da Kangiwa, kuma iyakokinsu ba koyaushe suke bin yadda mutane suka san unguwanni ba. Sannan gari ya faɗaɗa sosai. Mutum ya tashi a cikin birni, can ya yi rajista tun yana saurayi, daga baya ya yi aure ya gina gida a bayan ganuwa, shekara goma yana salla tare da kai, amma katinsa har yanzu na tsohuwar unguwarsu ne. Wani ma gidansa a idon kowa cikin Katsina yake, alhali a takarda ƙasar Batagarawa ce. Mace kuma aure ya kawo ta daga Daura ko Mani ko Rimi, ba ta taɓa neman a sauya mata rumfar zaɓe ba. Dukansu masoyanka ne na gaskiya, amma sa hannunsu ba zai amfane ka ba a wannan shafi.

Maganin wannan yana jikin katin. Kowane katin zaɓe na dindindin yana ɗauke da sunan jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfar zaɓe, da kuma jerin lambobi kashi huɗu da ke nuna su: na farko na jiha ne, wanda ga Katsina shi ne 20, na biyu na ƙaramar hukuma, na uku na mazaɓa, na huɗu na rumfa. Idan kansila kake nema, kashi ukun farko na katin mai sa hannu dole su yi daidai da na katinka. Idan shugabancin ƙaramar hukuma ne, kashi biyun farko za ka duba, amma ka karanta ƙa'ida da kyau ka ga ko an nemi masu tsayarwar su fito daga mazaɓu daban-daban. Ko ba a nema ba, hikima ce ka baza su, kada duka su fito daga layinku. Bayan wannan akwai doguwar lambar nan ta mai zaɓe, mai haruffa da alƙaluma 19, wadda ita ce ake kwafa a fom. A kwafe ta a natse, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, wani yana rubutawa, sannan a sake karantawa daga fom ana dubawa a kati. Tsoffin katuna sun sha aljihu da lalita, wasu sun koɗe, kuma yana da sauƙi a ɗauki harafin B a matsayin 8. Inda lamba ta shige duhu, a bar katin a nemi wani.

Sharaɗi na biyu shi ne kada mutum ɗaya ya tsayar da mutum biyu a kujera ɗaya. Sashe na 30 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana haka, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya aikata. Wannan yana faruwa a wurinmu ba da mugun nufi ba. Kunya ce ke jawo shi. Dattijo yana zaune a ƙofar gidansa, ɗan maƙwabcinsa na dama ya zo da fom ya sa masa hannu, bayan kwana biyu ɗan maƙwabcinsa na hagu ya zo daga wata jam'iyya, ya ga ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba. Saboda haka nauyi ne a kanka ka tambaya tun kafin ka buɗe takarda, kuma ka yi tambayar ta yadda ba za ka tsare shi ba. Kana iya cewa, "Baba, kafin in roƙe ku, ko wani daga cikin 'yan'uwana masu neman wannan kujera ya riga ni zuwa? In ya riga ni, albarkarku kawai nake nema." Da wannan ka ba shi ƙofar fita cikin mutunci, ka kuma kare shi daga laifin da bai san yana aikatawa ba.

Na ga amfanin wannan taka-tsantsan ne a lokacin da wani ƙanena, ɗan kawuna, ya nemi kansila, ni kuma aka ɗora mini kula da takardunsa. Mun ba wasu samari biyu shafin su zagaya, suka dawo kafin la'asar da shi cike, muna ta sa musu albarka. Da dare na shimfiɗa takardar a kan tabarma ƙarƙashin fitila ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya da hotunan katunan da suka ɗauko a waya, sai na tarar mutum uku 'yan wata mazaɓa ne, ɗaya kuma tsohuwa ce da na san ta rasu tun kafin azumin bara, jikanta ne ya ba da katin ya dangwala mata. Samarin ba su yi da niyyar cuta ba. A ganinsu cike gurbi ne kawai. Da takardar nan ta shiga hannun abokan hamayya, da maganar ba ta tsaya a kan kuskure ba, sai a ce jabu ne, kuma da gaskiyarsu. Washegari da sassafe muka sake neman wani fom, muka bi gida-gida da ƙafarmu, ɗan takarar yana gaba.

Tun daga ranar nake ba kowa shawara cewa ɗan takara ya je da kansa. Adadin da ake nema a matakin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ba irin dubban nan na Shikago ba ne da za a ce sai an ɗauki ma'aikata; abu ne da mutum zai iya gamawa cikin 'yan kwanaki in ya tsara. Ka fara rubuta sunayen waɗanda kake so, ninki biyu na abin da ake buƙata, ka duba katunansu tun kafin fom ya zo hannu, ka ware waɗanda suka inganta. Ka zaɓi mutanen da in an kira su gaban hukuma ko kotu za su zo su ce, "Ƙwarai, ni na sa hannu, kuma na san abin da na sa wa hannu." Mai shago da ke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru ya fi maka wanda zai tafi cirani Legas da an gama girbi. Ka haɗa da dattawa da matasa da mata, da masu sana'a iri-iri, domin jerin sunayen nan shi ne hoton farko na irin jama'ar da ke bayanka.

Maganar mata tana buƙatar tsari na musamman. Su ne ke cika layi ranar zaɓe tun hantsi, amma da wuya ka ga sunansu a shafin masu tsayarwa, sai dai in an karɓo katin ta hannun maigida an dangwala mata ba ta sani ba. Wannan kuskure ne ta fuskar doka da ta ɗa'a. Abin da ya dace shi ne a nemi izinin maigida, sannan matar ɗan takara ko yayarsa ko shugabar mata ta mazaɓa ta shiga ciki da fom da tawada, ta karanta mata abin da ke rubuce, ta fassara mata da Hausa, ita kuma ta sa hannu ko ta dangwala da kanta. Idan ta ce sai ta yi shawara, a ba ta lokaci. Idan kuma mace ce ke takarar, to ita ta fi kowa sauƙin wannan aiki, tunda babu gidan da zai hana ta shiga.

Wajen cikewa, a rubuta suna daidai yadda yake a kati, ko da an san mutumin da wani suna a unguwa. Idan katin ya ce Muhammadu, kada a rubuta Mamman. Idan ya ce A'ishatu, kada a rubuta Indo. A yi amfani da biro mai launi ɗaya, a guji gogewa da shafa farin ruwan gyara, domin duk inda aka ga shafe-shafe sai zargi ya shigo. Mai dangwale ya taɓa tawada kaɗan, ya ɗora yatsa sau ɗaya ba tare da murzawa ba, a bar shi ya bushe kafin a rufe takarda. Inda aka nemi hoto ko kwafin kati, a haɗa su nan take a maƙale, kada a ce sai an dawo. Kuma kada a riƙe katin kowa ya kwana a hannunka. A ɗauki kwafi a mayar wa mai shi a take, domin tara katunan mutane laifi ne a dokar zaɓe, kuma shi ne irin abin da ake fakewa da shi a ɓata wa mutum suna.

Akwai waɗanda ya kamata ka kai musu gaisuwa amma kada ka miƙa musu biro. Mai unguwa da dagaci da hakimi iyayen kowa ne, kuma sa su a cikin takardar ɗan takara ɗaya jefa su ne cikin tsaka mai wuya. Ka je ka faɗi ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, na zo in sanar da ku na fito neman kujerar kansila, ina neman addu'a," ka tashi. Haka limamin unguwa, haka ma'aikacin gwamnati da kake jin sa hannun zai iya jawo masa matsala a wurin aiki. Game da kuɗi kuma ra'ayina a fili yake: kada ka biya kowa ladan sa hannu. Wanda ya karɓi dubu biyu ya tsayar da kai ya ɗauka ciniki ya ƙare, ba ya jin yana da bakin tambayarka gobe in rijiyar burtsatsen unguwa ta lalace ko magudanar ruwa ta toshe da damina, kai ma ba za ka ji nauyinsa ba.

Sauran takardu kuwa, a haɗa su tun da wuri: takardar shaidar karatu, wadda mafi ƙaranci ita ce ta kammala sakandare ko makamanciyarta, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da katin jam'iyya, da katin zaɓe, da takardar biyan haraji in an nema, da takardar rantsuwa da ake yi a kotu cewa duk bayanan da ka bayar gaskiya ne. Ka jera su ka duba ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a kowace. Idan sun saɓa, a gyara ta hanyar doka kafin a miƙa. Ma'aikacin gwamnati ya duba wa'adin ajiye aiki da ƙa'ida ta gindaya, ya ajiye a kan lokaci, ya kuma riƙe takardar da ke nuna an karɓi murabus ɗinsa.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, tunda ba kasafai ake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya ba. Amsa ita ce ba kasafai ba ne, har ranar da wani ya ga dama. A 1996, lokacin da Barack Obama ya fara neman kujerar majalisar dattawan jihar Ilinoi daga wani yanki na Shikago, mutanensa sun bi takardun sa hannun abokan takararsa layi-layi, ciki har da na Alice Palmer wadda ke kan kujerar, suka nuna cewa ingantattun ba su kai adadin da doka ta nema ba, kuma a ƙarshe shi kaɗai ya rage a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa. A nan gida ma kujerun nan sun ƙara daraja tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Duk kujerar da darajarta ta ƙaru, masu bin diddigin takardun mai nemanta su ma ƙaruwa suke yi.

Idan komai ya kammala, a yi kwafin kowane shafi sau biyu, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗayan kuma a wurin lauya ko wani amintacce. A miƙa fom ta hanyar da ƙa'ida ta faɗa, wanda galibi ta hannun jam'iyya ne, kuma a yi haka kwana uku ko huɗu kafin ranar rufewa, saboda in an ga gyara a sami sararin yinsa. Kada ka baro wurin sai an ba ka shaidar karɓa mai ɗauke da kwanan wata da hatimi da sa hannun wanda ya karɓa, sannan ka bi sawu ka tabbata jam'iyya ta kai wa hukuma. Ranar tantancewa ka tafi da ainihin takardunka, ka kuma sanar da biyu ko uku daga cikin masu tsayar da kai su zauna kusa da waya ko da za a buƙace su. Da zarar hukuma ta liƙa sunayen 'yan takara, ka je da kanka ka karanta, ka duba rubutun sunanka da jam'iyyarka da mazaɓarka, kuma in ka ga kuskure ka rubuta ƙorafi a ranar, domin wa'adin irin wannan ƙorafi gajere ne. Daga nan sai ka ɗauki kwafin shafin nan ka sake bin gidajen da ka bi, ka shaida wa kowane mai suna a ciki cewa sunanka ya fito, ka bar masa lambar wayarka, ka kuma gaya masa ranar zaɓe da rumfar da zai je.